Kasada a Fokar Sin ta Buɗaɗɗen Kati: Da Wa Ake Yin Ta?

Shawarar da aka fi bai wa mai koyon fokar Sin ta buɗaɗɗen kati, wadda 'yan wasa ke kira OFC, gajeriya ce: idan ka fi abokin karawarka iyawa, ka bi a sannu ka bar shi ya kashe kansa da kansa, idan kuwa ya fi ka, ka yi kasada. Shawara ce mai daɗin ji, kuma ba ƙarya ba ce. Amma da na fara rubuta hannuwan da nake bugawa ina bin su da lissafi, sai na ga ashe ta dunƙule abubuwa uku ko huɗu wuri guda, kuma wani lokacin abubuwan nan ba sa jituwa da juna.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Kowa zai jera kati 13 a layi uku: uku a sama, biyar a tsakiya, biyar a ƙasa. Dole layin ƙasa ya fi na tsakiya ƙarfi ko su yi daidai, na tsakiya kuma haka yake da na sama. Duk wanda ya saɓa wannan tsari hannunsa ya ƙone, ya tashi a tutar babu. Abin da ya bambanta shi da tsohuwar fokar Sin shi ne ba a ba ka katunan gaba ɗaya. Ana ba ka biyar ka jera su a fili kowa na gani, sauran kuma su riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, kuma katin da ka ajiye ya ajiyu, ba ɗagawa. Wasan ya ɓullo ne a Finland a tsakiyar shekarun 2000, ya shiga Rasha, ya isa Amurka wajen 2012. Salon da nake bugawa shi ne wanda ake kira Pineapple: bayan biyar na farko, sai a ba ka uku-uku har sau huɗu, ka ajiye biyu ka yar da ɗaya a rufe. Mutum uku ne iyakar waɗanda teburin zai ɗauka, domin kowa na cin kati 17.

Babu ƙarin kuɗi a tsakiyar hannu, babu yaudarar abokin karawa, babu janyewa. Maki kawai ake ƙirgawa. Ana gwada kowane layinka da takwaransa na abokin karawa: kowane layi da ka ci maki ɗaya ne, idan ka share duka ukun a ƙara maka uku, ya zama shida. Sai garaɓasa ga hannuwa masu ƙarfi: a ƙasa, jere (kati biyar masu bin juna) maki 2 ne, fulash (kati biyar masu zane ɗaya) 4, ful-hawus ('yan uku haɗe da tagwaye) 6, 'yan huɗu 10, a tsakiya ana ninka waɗannan, a sama kuwa tagwayen shida maki 1 ne, a yi ta hawa har tagwayen Q su kai 7, na K 8, na A 9. Wanda ya ƙone zai biya shida, ya kuma biya duk garaɓasar da abokin karawarsa ya tara. To, duk rigimar kasada a kan abu ɗaya take: wanda ya sa tagwayen Q ko sama da haka a layin sama kuma bai ƙone ba, ya shiga Fantasi. A hannu na gaba za a ba shi kati 14 lokaci guda, ya jera 13 a ɓoye yadda ya ga dama, sauran mutane kuwa suna ta lalube.

Na fara da abu mai sauƙi. Duk lokacin da na tsaya ina tunanin ko in ɗora Q ta biyu a sama, sai in ɗauki hoton allon, wato katunan da kowa ya jera a fili, kafin in yanke shawara. Bayan an tashi, in koma kan hotunan in rarraba su gida biyu: na waɗanda nake ganin na fi su, da na waɗanda suka fi ni. Niyyata ita ce in gano ko da gaske kasada ta fi biya a gida na biyu.

Rabon bai yi aiki ba. Hotuna biyu daga mutum ɗaya sai su ba da amsa biyu mabambanta. Akwai hannun da gwani ya zo da allo marar ƙarfi, akwai wanda ɗan koyo ya dace ya cika ful-hawus tun zagaye na biyu. Sai na bar sunan mutum gefe, na koma tambaya ɗaya a kan kowane hoto: idan na ƙone a nan, maki nawa na yi asara, idan aka kwatanta da abin da zan samu in na bi hanyar tsira? Daga nan abin ya fara warwarewa, domin na gano cewa farashin ƙonewa ba shida ba ne kullum, kamar yadda muke faɗa da baki. Wani lokaci bai wuce huɗu ba. Wani lokaci ya haura goma sha biyar.

Bari in nuna da hannu guda, wanda na yi ta juyawa har na haddace shi. Mu biyu ne, ni ke rabon kati, don haka ni ne na ƙarshe wajen ajiyewa. Layin ƙasana ya cika da fulash na zuciya: K, 10, 9, 5, 2. A tsakiya ina da 9, 9, 5. A sama Q tilo. Zagaye na uku ya kawo mini Q, 4 da 3. Hanya biyu ce. Ta tsira: in sa Q a tsakiya, 4 a sama, hannuna ya tsaya lafiya da garaɓasar maki huɗu na fulash. Ta kasada: in ɗora Q a sama su zama tagwaye, in sa 4 a tsakiya, ya zama 9, 9, 5, 4 da gurbi ɗaya. Tagwayen tara ba su kai tagwayen Q ba, saboda haka dole zagayen ƙarshe ya kawo mini tara, ko biyar, ko huɗu, in ba haka ba na ƙone. Tara ɗaya da biyar ɗaya suna cikin fulash ɗina, sun mutu ke nan. Saura tara ɗaya, biyar biyu, huɗu uku: katunan ceto shida. Na ga katuna 14 nawa da 11 na abokin karawa, saura 27 da ban gani ba, kuma uku za a ba ni. Damar aƙalla ɗaya daga cikin shidan ya fito ta kusa 55 cikin 100. Da huɗu ne katunan ceton, da ta sauko wajen 40. Da uku ne, 31. Da biyu, 21. Waɗannan lambobi huɗu na rubuta su a takarda na manna kusa da inda nake zama, har suka zauna a kaina.

Idan kasadar ta ci, me na samu? Maki bakwai na tagwayen Q, sai Fantasi. Ni a lissafina ina sa wa Fantasi maki takwas, kiyasi ne nawa na aiki, wani zai sa fiye wani ƙasa. Jimla goma sha biyar. Wannan ɓangaren bai cika motsi ba. Ɗaya ɓangaren ne ke rawa.

Na ɗauki hannun nan na ajiye shi gaban allon gwani a rana mai kyau gare shi: ful-hawus a ƙasa, 8, 8, 8, 7, 7, a tsakiya J, J, 6, 6, a sama A da 3. Idan na bi hanyar tsira, ya fi ni a ƙasa, ya fi ni a tsakiya, A ɗinsa ya danne Q ɗina a sama. Shara ce, shida sun tafi, garaɓasarsa ma zan biya. Abin da kawai zan tsira da shi maki huɗun fulash ne. Idan na ƙone fa? Shida ɗin dai, garaɓasarsa dai, sai huɗun nan da na rasa. Wato ƙonewa maki huɗu kawai za ta ci mini. Kasadar kuwa idan ta ci, ban da goma sha biyar ɗin, tagwayen Q za su iya ƙwace layin sama su karya sharar, in koma biyan ɗaya maimakon shida. Ƙarin biyar ke nan. Ina jefa huɗu don neman ashirin. A irin wannan wuri ko katunan ceto biyu ne suka rage, ɗora Q ɗin nake yi ba tare da na sake numfashi ba.

Sai na mayar da hannun gaban mai rauni irin na farko, wanda nake kira mai tsoro. Shi ba ya ƙonewa sai da ƙyar, domin ba ya sa komai a sama. Allonsa: tagwaye biyu a ƙasa, 10, 10, 7, 7 da A, a tsakiya 6, 6, K, 3, a sama J da 8. Hanyar tsira a nan ta fi shi a duka layuka uku yadda abubuwa suke. Idan bai dace a zagayen ƙarshe ba, ina da shida da huɗu, goma cif. Idan na ƙone, ba goman kaɗai na zubar ba, ni zan biya shi shida. Tazarar goma sha shida ce. Ina jefa goma sha shida don neman goma sha biyar, sai damata ta haura rabi kafin abin ya yi ma'ana. Da katunan ceto shida, ribar ɗan siririya ce, da ƙyar ake ganinta. Da biyar ko huɗu, kwaɗayi ne kawai.

Na uku shi ne wanda ya ba ni mamaki. Mai rauni iri na biyu, mai ganganci, wanda duk K ko A da ya gani sai ya cilla sama tun biyar na farko. A hoton, ya sa tagwayen K a sama, layin ƙasansa kuma ya cika da tagwayen takwas kacal. Ya riga ya ƙone, ba abin da zai cece shi. Kowa zai ce maka a nan ne ake lallaɓawa a karɓi shida a tafi. Amma duba: tsira ta ba ni goma, ƙonewa ta ba ni sifili, domin idan mu biyu muka ƙone ba mai biyan wani. Tazarar goma ce, ba goma sha shida ba. Goma don neman goma sha biyar, damar 40 cikin 100 ta isa. Da katunan ceto shida, ɗora Q ɗin shi ne daidai, kuma ba da ƙaramar tazara ba. Ashe wanda ya fi cancanta in yi taka-tsantsan da shi ba mai ƙonewa ba ne, mai tsoron nan ne da hannunsa marar ƙarfi amma rayayye. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na nuna wa wani abokin wasa da ya fi ni gogewa wannan lissafi. Ya duba ya ce, "Ɗan'uwa, lissafinka daidai ne, amma a zagaye na uku ka tsaya. A biyar na farko wane allo za ka duba?" Gaskiya ya faɗa. A zagaye na uku allon abokin karawa ya riga ya faɗa maka kusan komai, ba ka buƙatar sanin ko shi waye. A farkon hannu kuwa allon ba ya cewa komai, musamman idan kai ne na farkon ajiyewa. A nan ne sanin mutum ke shiga, domin abin da ka sani game da shi shi ne hasashenka na irin allon da zai kasance da shi a ƙarshe. Gwani ya fi yawan ƙarewa da allo irin na farko, mai tsoro da irin na biyu, mai ganganci kuwa yau ya ƙone gobe ya shiga Fantasi.

Wannan ya sa na sake zama a kan hannuwan buɗewa. Ɗauki Q, Q, 8, 7, 3 waɗanda babu uku masu zane ɗaya a cikinsu. Ko ka sa tagwayen Q a ƙasa ka gina a kansu, ko ka ɗora su sama ka bar ƙasa da tsakiya kusan wayam, kana fatan kati takwas da za ka ajiye nan gaba su samar maka da abin da ya fi su a layuka biyu. Da gwani, nakan ɗora su sama. Idan na bi a hankali da shi, yawanci layi ɗaya nake ci ya ci biyu, ko ya share ni, kuma shi zai riƙa shiga Fantasi a kai a kai ina kallo. Da mai tsoro, sai in duba abin da ke tare da su. Idan akwai A ko K da zan iya ajiyewa a tsakiya, ko katuna uku masu zane ɗaya a ƙasa, na ɗora. Idan tarkace ne irin 8, 7, 3, nakan sa su ƙasa, domin matsakaicin hannu mai tagwaye biyu a ƙasa, tagwaye a tsakiya da babban kati a sama ya isa ya share shi sau da yawa. Ban ce in daina neman Fantasi a gabansa ba. Wanda ya daina nemansa gaba ɗaya ya zama mai tsoro na biyu a teburin, kuma ratar da ke tsakaninsu ta rufe ke nan.

Akwai kuma wani dalili da ya sa shawarar asali take da gaskiya, wanda bai shafi allo ba. Fantasi wuri ne da iyawa ba ta da tasiri sosai. Idan kati 14 na gabanka, jera su yadda ya fi kyau aiki ne da ɗan koyo mai natsuwa zai yi kusan daidai da gwani. Saboda haka idan ni ne ƙasa a iyawa, kowane hannun Fantasi hannu ne da aka ɗauke mini kurakuran da zan yi a lalube. Idan ni ne sama, hannun yau da kullum ma riba yake kawo mini, ƙarin da Fantasi zai yi a kansa bai kai na wancan ba. Shi ya sa a takardata na daina sa takwas ga kowa: da gwani nakan ɗaga lambar kaɗan, da mai rauni in rage ta kaɗan. Ƙaramin gyara ne, amma a hannuwan da ke kan gaɓa, irin na mai tsoron nan, shi ke yanke hukunci.

Idan abokin karawa ne ke cikin Fantasi, maganar gajeriya ce. Ba na ganin katinsa ko ɗaya, kuma na san da wuya ya zo da hannu marar ƙarfi, ƙonewa kuwa ba ya yi sai da sakaci. Yanayin ya yi kama da allon gwanin nan: abin da zan tsira da shi kaɗan ne, don haka farashin ƙonewa ya sauka. Ko wane ne shi, ɗan koyo ko tsohon hannu, nakan ƙara matsawa sama. Abin lura ɗaya shi ne katunan ceto sun fi wuyar ƙirgawa, tunda nawa kaɗai nake gani. Ga kuma batun dokar zama: a yawancin tebura, 'yan uku a sama ko 'yan huɗu a ƙasa ne ke sa mutum ya maimaita Fantasi, wasu kuma suna ƙara ful-hawus a tsakiya. Akwai ma salon da ke ba da kati 14 ga tagwayen Q, 15 ga na K, 16 ga na A, 17 ga 'yan uku. A wannan salon darajar A biyu a sama ta yi wa ta Q biyu nisa, lissafin duka sai an sake shi. Tambayar dokar tebur kafin a raba kati na farko ba ƙauyanci ba ne.

Teburin mutum uku ya ɗauke ni lokaci fiye da sauran. Ana yin lissafi da kowane mutum daban, saboda haka ƙonewa biyan mutum biyu ce, garaɓasa ma daga mutum biyu ake karɓa. Matsalar ita ce sau da yawa ɗaya gwani ne ɗaya mai rauni, kuma kati ɗaya zan ajiye don su biyun. Abin da nake yi shi ne in fitar da farashin ƙonewa na kowannensu in haɗa. A misalinmu, gwani da mai tsoro: huɗu da goma sha shida, ashirin. Ribar kuma ta ninku, bakwai daga kowa, da karya sharar gwani, da Fantasi a kan mutum biyu. Idan aka haɗa, ma'aunin ya karkata wajen kasada fiye da yadda zai yi da mai tsoro shi kaɗai. Daɗin mutum uku shi ne katunan da ke fili sun fi yawa, ƙirgar matattu ta fi inganci, wani lokacin ma kana iya ganin cewa ceto ɗaya ne tak ya rage ka haƙura.

Saura batun hawa da sauka, wanda mutane suka fi kawowa idan ana wannan muhawara. Suna cewa gwani ya rage kasada don kada sa'a ta yi masa ɓarna, mai rauni kuma ya ƙara don sa'a ce kaɗai za ta cece shi. A ganina wannan ya dogara da irin zaman. Idan doguwar karawa ce ta tara maki, wadda ba a fitar da kowa, ban ga dalilin barin kasada mai riba don gudun hawa da sauka ba. Maki maki ne, yau ko gobe. A gasa kuwa, inda abin da ke gabanka yana iya ƙarewa a sallame ka, maganar ta sauya. Idan na fi mutanen teburin, nakan bar kasadar da ribarta siririya ce, irin ta katunan ceto shida gaban mai tsoro, domin zamana a kujerar ya fi wannan 'yar ribar daraja. Idan su suka fi ni, ko kuma hannuwa kaɗan suka rage ina baya da tazara mai yawa, har kasadar da lissafi ya ce ta ɗan gaza nakan ɗauka. Wanda ake bi maki ashirin saura hannu biyu ba shi da abin yi da cin layi biyu cikin uku.

Yanzu ba na ɗaukar hoton kowane hannu. Idan Q ta biyu ta zo, idona kan fara zuwa layin saman abokin karawa da na tsakiyarsa, in tambayi kaina layuka nawa zan ci idan na lallaɓa. Idan babu ko ɗaya, shawara ta yanku. Idan duka uku ne, sai in duba ko hannunsa na da rai ko ya ƙone, sannan in ƙirga katunan ceto, ciki har da waɗanda na yar da hannuna, waɗanda shi bai san sun mutu ba. Hotunan da har yanzu nake ajiyewa na zagaye na biyu ne, inda saura rabo biyu, allon abokin karawa bai gama bayyana ba, kuma shi kansa yana da K ɗaya a sama yana jiran ta biyu. A can farashin ƙonewata ya rataya ne a kan ko shi zai ƙone, shi kuma shawararsa ta rataya a kan abin da zai ga na ajiye.